Abin da na tsinta a hirarmu kan buga bincike a Movement Ecology

Jama'a ga shawarwarin da aka bayar a taƙaice, don masu son tura aiki wa Movement Ecology, mujallar kamfanin buga bincike na BMC kan tafiye-tafiyen dabbobi da sauran halittu, da ta fara fitowa 2013, wadda kowa ke karantawa kyauta.

Kyautar dai ta mai karatu ce, marubuci shi ke biya, kuma kuɗin ba wasa ba. Amma suna yafe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi bisa jerin Bankin Duniya, sai dai fa ka nemi yafiyar tun lokacin turawa, kar ka bari sai an karɓi takardar sannan ka fara roƙo.

Inda aka fi daɗewa shi ne tambayar bincike. Ka ɗaura wa shamuwa GPS ka zana taswirar inda ta bi, wallahi wannan kaɗai bai isa ba, editoci so suke ka nuna me ya tashe ta, yaya take gane hanya, ruwan sama ne ko fāra take bi. Ni ma nan na fi yarda.

Bayanan tafiyar kuma a ajiye su Movebank, rumbun intanet na bayanan tafiye-tafiyen dabbobi, a haɗa da takardar izinin kama dabbar. Duk mujallar da ta turo maka imel tana alƙawarin bugawa cikin sati ɗaya, duba DOAJ tukuna, wato jerin mujallun karatu kyauta da aka tantance, ka ga ko tana ciki.