Wa ya taɓa zuwa hasumiyar Jamusawa ta Kiribi? Ina neman shawara

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya. Baba ne ya matsa sai na kai shi ya ga teku da idonsa, shekararsa 71 iyakarsa Yawunde bai taɓa wucewa ba, to na ce in Allah ya yarda hutun Disamba za mu ɗau mota mu gangara Kiribi. Wani abokina ya ce akwai tsohuwar hasumiya mai fitila a bakin ruwa wadda jiragen ruwa ke bi da dare, far suke ce mata. Ta kai a je dominta? Ana hawa? Kuma hanya fa yaya take, don motar tawa ba yarinya ba ce.

Mai Goro Ngaundare:
Wa alaikumus salam. Na je sau biyu. Gaskiya in hasumiyar kaɗai za ta sa ka taso daga Garwa to ka sha zamanka, tsayinta wajen mita 15 ne kawai, hasumiyar wani masallacin ma ta fi ta, fara ce da jan kai, minti ashirin ka gama kallo. Amma wurin da take ne abin, daidai inda kogin Kiyenke yake shiga teku, kana tsaye kana ganin kwale-kwalen masunta suna fita suna shigowa, ga tsohuwar majami'a ta zamanin Jamus can kusa. A 1906 Jamusawa suka gina ta lokacin Kiribi ce tashar da ake lodin roba da hauren giwa. Ranar da muka je ƙofar a kulle take, daga waje muka yi hoto, don haka kar ka yi wa Baba alkawarin hawa, ko a buɗe take ma ina shi ina matakala mai murɗiya.
Maganar mota kuma ni dai shawarata ka bar ta a Ngaundare ku hau jirgin ƙasa na dare, ku kama kushet, wato ɗakin kwana na cikin jirgi, Baba ya miƙe ƙafa, da safe kuna Yawunde. Daga nan ajans, wato motar kamfanin bas, ta kai ku Kiribi ta Edeya.

Ɗan Garwa:
Na gode Alhaji. Amma ni fa daɗin tafiyar a wurina shi ne in tsaya inda na ga dama.

Direban Kuseri:
To in ka dage sai da motarka, ka duba birki da ruwan lagireto tun a gida saboda hawan falez, dogon tudun nan kafin Ngaundare, manyan motoci nan suke tafasa. Daga can ka bi Meiganga, Garwa Bulai, Bertuwa, ka faɗa Yawunde, kar ka ce za ka yi shi rana ɗaya da dattijo a mota, ku kwana a hanya ku sake kwana a unguwar Birketiri ta Yawunde wajen 'yan uwa. Yawunde zuwa Kiribi bai kai kilomita 300 ba, a Edeya za ka bar hanyar Duwala ka yi kudu, amma kafin ka juya ka leƙa ka nuna wa Baba tsohuwar gadar ƙarfe da ke kan kogin Sanaga, ita ma aikin Jamusawa ce ta 1911. Takardun mota da katin shaida su zama a hannu ba a ƙasan jaka ba, kuma ka riƙe canji na peyaj, wato kuɗin shingen hanya. Ban da tuƙin dare wlh, motocin katako ba sa ganin kowa.

Maman Hafsat, Injamena:
Ni abin da ya ba ni dariya da muka je, maigida ya tsaya yana kallon teku ya ce to ga inda man Doba yake ƙarewa. Ai bututun nan na kilomita 1,070 da aka buɗe a 2003 daga Doba a ƙasarmu Chadi ya taso har Kiribi, mu muna can muna layin mai shi yana nan yana shiga jirgi, Allah ya kyauta. Yayana, ka je wurin hasumiyar da la'asar sakaliya, rana a cikin ruwa take faɗuwa, surukata da muka je da ita ta kasa magana sai subhanallahi take ta yi, daga baya ta tsuguna ta ɗebi ruwan ta ɗanɗana ta tofar, ta ce wa ya zuba gishiri haka. Har yau jikoki na tsokanarta. Kuma ku tafi Lobe, kilomita 7 ne kudu da gari, kogi ne yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Kifi kuma ku je debarkade, inda masunta ke sauke kamu, ku zaɓa da hannunku a gasa muku, ku yi ciniki kafin a ɗora a wuta ba bayan an ɗora ba. Kar Baba ya shiga ruwa ya wuce idon sawu, igiyar tana jan rairayi daga ƙarƙashin ƙafa.

Malam na Marwa:
Ƙarin bayani kaɗan. Ka gaya wa Baba waɗanda suka gina hasumiyar nan su ne dai Jamusawan da suka yi yaƙi a Garwa a 1915, su ne kuma suka maƙale a kan dutsen Mora har Fabrairun 1916 kafin su miƙa wuya. Ba su wuce shekara goma suna cin moriyar fitilar tasu ba. Dattawa na son irin wannan labarin. Disamba kuma lokaci ne mai kyau, ruwan sama ya ja baya, sai dai mutanen Duwala da Yawunde suna cika garin ƙarshen shekara, ka kama ɗaki da wuri.

Ɗan Garwa:
Allah ya saka da alheri duka. Na karanta wa Baba, ya ce shi jirgin ƙasa yake so, mota ta zauna a Ngaundare. Wai kuma in nemo masa jarka zai kawo wa Inna ruwan teku. Alhaji Mai Goro akwai inda zan ajiye motar kusa da gar, tashar jirgin ƙasa, na sati ɗaya?