Waɗanda suka taɓa ganin rawar Haka a filin wasa, me idonku ya gani?

Maman Sadik, Birmingham:
Assalamu alaikum. Tun da yaron nan nawa ya shiga ƙungiyar zari-ruga ta makarantarsu, ba shi da zance sai na All Blacks, 'yan wasan Nuzilan. Na kalli rawar Haka da suke yi kafin a take wasa, ana zare ido, ana zaro harshe, ana dukan cinya da ƙirji. Ni dai tsoratarwa na gani tsagwaronta, kuma ban gane dalilin da ya sa ake tsayar da abokan karawa su zuba ido ba. Shi kuma ya dage cewa al'adar Maori ce, wato 'yan asalin Nuzilan, girmamawa ce. Don Allah waɗanda suka gani a fili su ba mu labari.

Baban Hafsa, Cardiff:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ina cikin filin Millennium a watan Nuwamban 2008, ranar da Wales ta ƙi motsi. An gama rawar, kowa na jiran 'yan Wales su watse su kama wurarensu, sai suka tsaya ƙyam, kafaɗa da kafaɗa. 'Yan Nuzilan su ma suka ƙi juyawa. Alƙalin wasa Jonathan Kaplan yana ta kai-komo tsakaninsu yana lallashi, ba wanda ya ko dube shi. Ihun da aka yi a filin nan, wallahi har a ƙirjina nake jin sa. Daga ƙarshe 'yan Nuzilan ne suka fara juyawa. Kocin Wales na lokacin, Warren Gatland, shi kansa ɗan Nuzilan ne, ya san yadda abin yake a wajensu. Wales ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da 9-6, amma aka tashi 29-9, All Blacks suka cinye.

Akwai tsohuwar jiƙaƙƙa a ƙasa. A 2006 an yi saɓani kan ko rawar za ta zo a ƙarshe ko taken Wales, sai All Blacks suka yi abarsu a ɗakin canza kaya, suka fito suka lallasa Wales 45-10. Mutanen garin nan ba su manta ba. Abin da zan ce miki, Hajiya, ba a ɗaure kowa ba. Ana iya mayar da martani, kuma su ma 'yan Nuzilan sun fi ganin ƙimar wanda ya tsaya ya dube su ido cikin ido.

Ɗan Damagaram, Faris:
Baban Hafsa, shekara guda kafin naka, a filin nan naku Faransa ta yi abin da ya fi shi. Oktoban 2007, gasar cin kofin duniya, 'yan Faransa suka sa riguna shuɗi da fari da ja, suka matso har suna jin numfashin masu rawar, Chabal da gemunsa yana zare nasa idon. Suka ci 20-18. Wannan a gidan shayi na kalla, ba a fili ba, amma unguwarmu ba a yi barci ba daren nan.

Wanda na gani da idona shi ne wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2023 a Stade de France, ana ruwan sama. Abin da ya ba ni mamaki, 'yan Afirka ta Kudu ba su yi wata dabara ba. Sun jera, Siya Kolisi a cikinsu, suka kalla har aka gama. Martaninsu a cikin wasa ya fito. Pieter-Steph du Toit shi kaɗai ya kayar da mutum sau 28. Sam Cane, kyaftin ɗin Nuzilan, ya samu jan kati tun kafin hutu saboda dukan da ya kai wa Jesse Kriel a kai. Aka tashi 12-11, Afirka ta Kudu ta cinye.

Injiniya, Nagoya:
Ina Yokohama a 2019 lokacin da Ingila ta jeru kamar harafin V, kyaftin ɗinsu Owen Farrell na murmushi. Kafin a cika minti biyu Manu Tuilagi ya ajiye ƙwallo bayan layi, aka tashi 19-7, Ingila ta cinye. Sai dai Hajiya tana da gaskiya a abu guda. An ci Ingila tarar fam 2,000 don wasu 'yan wasanta sun tsallaka layin tsakiya, kamar yadda aka ci Faransa fam 2,500 a 2011. Wannan tarar ban yarda da ita ba. In an ba ka damar yin kirari a gabana, a bar ni in tako.

Alhaji Babba, Kaduna:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki ko da ban taɓa shiga irin filayen nan ba. Abin da kuke kwatantawa mun san shi a dandalin dambe: ɗan dambe ya fito da kirari, makaɗi na zuga shi, abokin karawa na tsaye yana ji, kuma ba mai cewa an zalunce shi, don shi ma yana da nasa.

Amma gabar Nuzilan da Afirka ta Kudu ta wuce kirari, kuma ta taɓa mu. A 1976 ina makarantar sakandare. A watan Yuni aka harbe yara 'yan makaranta a Soweto, kuma a wannan shekarar All Blacks suka tafi yawon wasa Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata. Saboda haka ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Najeriya, suka janye daga wasannin Olamfik na Montreal. A rediyo muka ji 'yan wasanmu sun kwashe kaya sun dawo ba su yi gasa ba. Mun ji musu zafi, amma mun yi alfahari. Kuma ku sani, shekara da shekaru Nuzilan na barin 'yan wasanta Maori a gida in za ta je can, don kada ta ɓata wa masu masauki. Masu rawar su ne ake hana tafiya. A 1981 da Springboks, 'yan wasan Afirka ta Kudu, suka je Nuzilan, mutanen ƙasar da kansu suka cika tituna, aka soke wasan Hamilton, a Auckland kuma wani ya riƙa jefo ƙunshin fulawa daga ƙaramin jirgi ana tsakiyar wasa. Shi ya sa ranar da Mandela ya fito a 1995 da riga mai lamba 6 ya miƙa wa kyaftin ɗin Springboks, Francois Pienaar, kofin duniya, na kasa riƙe hawaye.

Yaya Bilki, Johannesburg:
Allah ya ƙara girma, Baba. A filin da Mandela ya tsaya, Ellis Park, nake ranar 31 ga Agustan 2024. Ana cikin rawar, 'yan kallo suna ta rera waƙa don su danne muryarsu, wanda ni ban ga laifinsa ba, filinsu ne. Amma kafin a gama sai aka saki kiɗa ta lasifika, aka harba wasan wuta, jirgin sama kuma ya ratso ta saman fili. Wannan kam bai yi mini daɗi ba. Wata tsohuwa sanye da koriyar rigar Springboks a gefena ta riƙa girgiza kai, ita ma abin ya dame ta. Daga baya hukumar zari-ruga ta ƙasar ta ba da haƙuri, ta ce kuskuren lokaci ne. Wasan kuwa ya yi zafi: Nuzilan na gaba da 27-17, Springboks suka farfaɗo suka ci 31-27.

Maman Sadik, ki kuma nuna masa na Tonga da Samoa da Fiji, don kowacce tana da tata rawar. A 2003 a Brisbane, Tonga ba ta jira All Blacks sun gama ba, ta fara tata a kan tasu, muryoyi biyu suna karo.

Injiniya, Nagoya:
Yaya Bilki, to ai shi ne maganata. Tonga na da abin da za ta mayar, Ingila da Wales ba su da shi sai ƙafafunsu. A cire tarar, a bar su su matso.