Shin dole sai gaɓa ta kumbura kafin a ce yaro na da ciwon Still?

Ɗalibar Likitanci: Assalamu alaikum, malamai. Muna da yarinya 'yar shekara 5 da ta kusa mako uku tana zazzaɓi mai tashi da yamma ya haura digiri 39, sannan ya sauka da kansa kafin safiya. An yi mata maganin maleriya da na taifot, babu sauƙi. Hantarta da saifarta sun ɗan kumbura, tana kukan ciwon gwiwa, amma babu kumburi a gaɓar. Ƙa'idojin ILAR, wato ƙungiyar ƙwararrun ciwon gaɓɓai ta duniya, sun sa kumburin gaɓa sharaɗi a amosanin gaɓɓai na yara mai game jiki, wanda ake kira ciwon Still. To, shin mu cire shi daga lissafi ke nan?

Likitan Yara: Wa alaikumus salam. Kada ki cire shi. Ƙa'idojin ILAR da aka gyara a birnin Edmonton na Kanada a 2001 suna neman kumburin gaɓa ga yaron da bai kai shekara 16 ba, da zazzaɓin aƙalla mako biyu wanda aka tabbatar yana zuwa kullum na kwana uku, sannan ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: jan ƙurji mai fitowa ya ɓace, kaluluwa a sassan jiki, kumburin hanta ko saifa, ko kumburin tantanin da ke lulluɓe zuciya ko huhu. Sai dai an tsara su ne domin masu bincike su tara yara masu ciwo iri ɗaya, ba domin yanke hukunci a gefen gadon mara lafiya ba, kuma sananne ne cewa kumburin gaɓar kan makara da makonni ko watanni bayan zazzaɓin.

Wannan giɓin ne ya sa ƙungiyar PRINTO, mai bincike kan ciwon gaɓɓai na yara, ta kawo nata ƙa'idojin a 2019, inda bayan zazzaɓin ake neman manyan alamu biyu, wato ƙurjin da kumburin gaɓa, ko babba ɗaya da ƙanana biyu. A cikin ƙananan akwai ciwon gaɓa na mako biyu ba tare da kumburi ba, da fararen ƙwayoyin jini da suka kai 15,000 a kowane mikrolita. Saboda haka komai ya rataya ga ƙurjin a wannan yarinyar. Ki duba ta lokacin da zazzaɓin ya tashi, cikin haske mai kyau, ƙirji da cinyoyi da hammata, domin a baƙar fata yana da wuyar gani, kuma kafin zagayen safe ya riga ya ɓace.

Tsohon Malami: Na yarda da abokin aikina, amma ina jan kunne. Ko da ta cika kowane sharaɗi, ba a sa wa yaro wannan suna sai an kore sauran cututtuka. A wajenmu sai a fara da sikila, tarin fuka, ciwon ƙashi mai ƙwayar cuta da zazzaɓin da ke lalata zuciya bayan ciwon maƙogwaro. Wadda na fi tsoro ita ce kansar jini, domin tana zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓa da kumburin saifa, kuma idan aka yi gaggawar ba da sitiroyid sai ta lafa na ɗan lokaci, a rasa gane ta. Idan ƙwayoyin jini sun yi ƙasa maimakon su hau, a duba ɓargo tukuna.

Likitan Yara: Haka ne, Malam. A kuma auna feritin yanzu, wato furotin da ke adana sinadarin ƙarfe a jiki. Idan ya haura 684 ng/mL, ƙwayoyin daskarar da jini suna sauka, zazzaɓin kuma ya daina sauka da safe, a yi zargin MAS, wato rikicewar garkuwar jiki har ta koma tana lalata jikin, wanda kan yi kisa cikin kwanaki, a tura ta babban asibiti ba tare da jiran gaɓa ta kumbura ba.

Ɗalibar Likitanci: Na gode, malamai. Yau zan tsaya har yamma in duba fatarta, kuma zan gabatar wa babban likitanmu batun ɓargon da feritin.