Wace kalma za mu ba harafin 囧 a Hausa?

Malamai da masana harshe, ina neman shawararku a kan wani harafin Sinanci da ake furta shi kamar "jiyong", wanda ya daɗe ba a amfani da shi a rubutun yau da kullum, har sai da matasan Taiwan da na Sin suka tono shi a intanet, ya kuma bazu sosai a shekarar 2008. Su fuskar mutum suka gani a jikinsa: layukan nan biyu na sama girare ne da suka sauko, ɗan akwatin ƙasa kuma baki ne a buɗe, ga shi furucinsa ya yi daidai da na harafin 窘 mai nufin shiga halin kunya da ƙunci. Wannan ma'ana ba ta ba ni wahala ba, domin "tsuru-tsuru" ta wadatar.

Ma'anarsa ta asali ce ta tsaya mini a rai. Malam Xu Shen na zamanin daular Han ta ƙasar Sin, a ƙamusinsa Shuowen Jiezi da ya kammala wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya tattara haruffa 9,353 a ƙarƙashin tushe 540, wato sassan haruffa da ake kasa sauran haruffa bisa su, kuma 囧 yana ɗaya daga cikin tushen. Ya bayyana shi da cewa hoton taga ne mai sanduna a gicciye, wadda haske ke ratsowa ta cikinta. Shi ya sa ɗaya daga cikin tsofaffin siffofin harafin haske, wato 朙, ta haɗa wannan taga da wata, saɓanin 明 na yau da ya haɗa rana da wata. Mawaƙan zamanin da kuwa sukan ninka shi, su rubuta 囧囧, idan suna siffanta farin wata da ya yi tar.

Wani ɗan'uwa ya ce a bar shi a "haske" kawai, amma a ganina kalmar ta yi faɗi da yawa, tun da har fitila da wutar daji suna da haske, kuma tagar da harafin ya ginu a kanta ta ɓace ke nan. "Annuri" ta fi daɗi a baki, sai dai Bahaushe ya fi jingina ta ga fuskar mutumin kirki da kuma maganar addini, don haka za ta ɗora wa harafin nauyin da ba nasa ba. "Ƙyalli" kuma na abin da haske ya faɗa wa ne, kamar zinariya ko madubi.

Abin da nake ba da shawara shi ne "hasken taga". Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga a sama ya san yadda farin wata ke shigowa siriri ya sauka a kan tabarma alhali sauran ɗakin yana cikin duhu, kuma wannan hoton ne ke cikin 朙. Inda aka ninka harafin a waƙa, sai mu ce "hasken taga tar". Matsala ɗaya da nake gani ita ce wuraren da marubutan zamanin da suka yi amfani da shi don haske tsantsa ba tare da maganar taga ba, kuma a nan nake son jin ko "wasai" za ta iya ɗaukar wannan ɓangare.