Wace kyamarar kwamfuta ce mai sauƙin kuɗi da ba ta da wuyar haɗawa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman kyamarar da ake ɗorawa bisa kwamfuta, don darasin yara ta Zoom da gaisawa da dangi ta WhatsApp. Kwamfutar ta tebur ce mai Windows 10, ba ta da kyamara. A babbar kasuwa akwai masu rubutun 4K a kwali da arha, akwai Logitech mai tsada. Wacce ta dace?

Mai Gyara na Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada rubutun kwali ya ja ki. Kyamarar 4K ta gaskiya ba ta zuwa da arha. Masu arhar ƙaramin ido gare su, sai a buɗa hoton ya yi girma amma ya dushe. 4K da 1080p da 720p ma'aunin ingancin hoto ne, 4K ne mafi girma. Don aikin gida 720p ya wadatar. Logitech C270 ita ce aka fi sani a wannan aji: 720p, hoto 30 a daƙiƙa, makirfo a jikinta, igiyarta mita ɗaya da rabi. Ba ta daidaita kaifin hoto da kanta, saitinta a kafe yake, to a zauna kamar kamu biyu daga gabanta. Ba a sa mata wata manhaja, a soka a USB kawai Windows ta gane ta. Logitech C920 ta fi ta, 1080p ce, tana daidaita kaifin hoto da kanta, kuma tana ɗaukar fili mai faɗi, digiri 78. Amma sai in yara uku za su zauna tare za ki ga amfanin faɗin.

Jabu ta yi yawa, don haka kada ki biya sai an gwada a shago. A soka ta, a buɗe manhajar Caméra ta Windows, a shiga saiti a duba ingancin bidiyo mafi girma da ta nuna. A ɗauki bidiyo ana kaɗa hannu: in hannun na barin inuwa a baya, wataƙila ba ta kai hoto 30 a daƙiƙa ba. A yi magana a saurara. Sannan a karɓi rasidi mai sunan samfurin.

Injiniya Bagalam: Abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni rezo zan ƙara. Zoom na son kimanin megabit 1.2 a daƙiƙa don 720p tsakanin mutum biyu, wanda ya kai wajen MB 540 a awa wajen turawa kaɗai, ban da karɓa. 1080p ya ninka wannan kusan sau uku. In da Airtel ko Moov ko Zamani ake haɗawa ta waya, Zoom da kansa zai rage hoton in rezo ya ja baya, kuɗin babbar kyamara ya tafi a banza.

Haske ya fi kyamara muhimmanci, Hajiya. Taga ta kasance gaban yaro. In tana bayansa, kyamara za ta auna hasken tagar, fuska ta yi baƙi ƙirin. Da dare ƙwan LED ɗaya a bayan allon kwamfuta, sama da kai kaɗan, ya isa. In kika ga layuka na gudu a hoto, kyamarar na kan saitin wutar lantarki mai 60 Hz ne, wutar Nigelec kuwa 50 ce. A canja a saitin kyamara.

Mai Gyara na Zariya: Abin da ya fi kawo mutane shago shi ne baƙin allo, kuma sau tari ba lalacewa ba ce. A shiga Paramètres, Confidentialité, Caméra, a ba manhajoji izini. Ko kuma WhatsApp ya riƙe ta, Zoom ya rasa, sai a rufe ɗaya. A soka ta a ramin baya na akwatin kwamfuta, na gaba yakan yi sako-sako, ƙananan mahaɗan USB masu baki huɗu kuma sukan sa ta riƙa yankewa. Lokacin hunturu a rufe idon da ƙyalle bayan aiki, a goge da tsumman tabarau. Bakin zane yana karce robar idon.

Maman Biyu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Makirfon nata zai isa, ko sai an sayi wani?

Injiniya Bagalam: A ɗaki shiru zai isa. In fanka na juyawa ko janareta na aiki a maƙwabta, duk zai kwasa. Abin kunne na waya mai makirfo ya fi, sai dai kwamfutar tebur ramuka biyu gare ta, kore na ji, ruwan hoda na magana, don haka ki haɗa da ƴar igiyar da ke raba baki ɗaya zuwa biyu.