Wa zai kama kamfanoni da alkawuran da suke yi na kare muhalli?

Ɗan Katagum:
Assalamu alaikum. Manyan kamfanoni da yawa sun yi alkawarin kawo ƙarshen gurɓata iska nan da shekarar 2050, alhali shugabannin da suka yi alkawarin ba za su kai wannan lokaci a kan kujerunsu ba. Ga zafi yana ƙaruwa, ga damina ta rikice wa manoma, abin yana damuna ƙwarai saboda 'ya'yanmu. Ta yaya za a bambance mai gaskiya da mai talla kawai?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malam. Hanya mafi inganci ita ce wani na waje ya auna da kansa. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya shafe shekaru yana tallata motocinsa na dizal a matsayin masu tsafta, sai a 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an dasa musu manhajar da ke gane lokacin gwaji, ta rage hayaƙi, sannan a kan titi su riƙa fitar da guba har ninki 40 na abin da doka ta amince. Masu bincike na jami'ar West Virginia ne suka ɗaura na'urar awo a motocin, suka hau hanya da su, asiri ya tonu. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa, shugaban kamfanin ya yi murabus.

Baban Husna:
Malama, awo kaɗai bai isa ba. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan gurɓatar da malalar ɗanyen mai ta jawo a ƙasar Ogoni ta jihar Ribas, inda aka samu sinadarin benzin mai jawo ciwon daji a ruwan shan garin Nisisioken Ogale fiye da ninki 900 na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka kuma ce gyaran zai ɗauki shekaru 25 zuwa 30. Mutanen garin Bodo na ƙasar Ogonin, da malalar mai ta ɓata musu muhalli, ba su ga diyyar fam miliyan 55 daga kamfanin mai na Shell ba sai a 2015, bayan sun kai ƙara har Landan.

Lauyan Unguwa:
Haka ne, Alhaji, amma kotu ma tana iya juyawa. A 2021 wata kotun Holan ta umarci Shell ya rage hayaƙinsa da kashi 45 cikin 100 kafin ƙarshen 2030, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2024. Ni dai abin da nake dubawa shi ne ko kamfani ya faɗi abin da zai rage nan da shekara biyar, da kuma wanda zai bincika.