Neman shawara: tsohon katin tallan Singer mai hoton matan Japan

Assalamu alaikum 'yan uwa teloli, don Allah a ba ni shawara. Yayana ne ya aiko min da wani ɗan kati daga Amurka, tallan keken ɗinki Singer, matan Japan sanye da kimono, wato doguwar rigarsu ta gargajiya, ga keke a gabansu, bayansa kuma rubutun Turanci. Wallahi ya burge ni, so nake a ƙara girmansa in kafa a shago, to ya zan gane na asali ne, sannan in kai a yi masa laminatin ko kuwa?

Mai gyaran keke: Wa alaikumus salam Hajiya, kar ki kuskura ki yi laminatin, zafin injin da roba za su lalata takardar har abada. Singer sun fitar da irin katunan nan a 1892 saboda babban baje kolin Chicago na 1893, kowane kati da kayan gargajiyar wata ƙasa. Ki sa gilashin ƙara girma, in ɗigon kalar a jere yake reras bugun zamani ne, na da a warwatse yake.

Wata 'yar uwa: Aunty ki sa a yi sikanin, kwafin ki kafa, shi kuma ki adana a firam nesa da rana da danshi. Amma fa ki tsaya kan mai bugawa kar ya juya hoton don ya yi daidai da allon, domin a Japan ɓangaren hagu na kimono ne yake hawa kan na dama, akasin haka gawa ake sa wa.

Wani tela: Ni abin da ya fi ja hankalina, kimono ɗin nan da hannu ake ɗinka shi, a da in za a wanke warware shi ake yi gaba ɗaya sai a sake haɗawa, ɗinkin keke kuwa ya cika ƙarfi, warwarewa na ɓata yadi, shi ya sa keken ya fi karɓuwa a can wajen kayan Turawa da yunifom. Ga shi daga baya mutanen Japan ɗin ne suka zo suna ƙera kekunan Brother da Janome da Juki da muke nema ruwa a jallo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Firam mai gilashi zan sa ko na roba?

Mai gyaran keke: Gilashi, amma a sa kwali a gefe kar katin ya manne da shi lokacin damina.